Fenti a Ƙofar Baba Samson

Silvanus bai jira ɗan acaɓa ya gama tsayawa ba ya diro, rigar ankon jana'iza a kafaɗarsa, hannunsa har yanzu yana ƙanshin sabulun da ya wanke gawar mahaifinsa da shi. Mota kawai ya zo ɗauka. An riga an sa Baba Samson a akwati, kawunnansa na tsaye a ƙofar ɗakin ajiye gawa suna jiransa. Daga asibiti sai coci, daga coci sai ƙauye, can bayan Kwoi.

Warin fenti ya tarye shi tun daga bakin get, bai kuwa dame shi ba. Tun farkon mako masu fenti ke aiki a gidan, kamar yadda ake yi wa duk gidan da za a yi biso. Katangar da ta daɗe tana zubar da ɓawo, tsohon yana kallonta daga kujerarsa ba wanda ya kula, yanzu ta yi fes saboda baƙi. Ya ratsa tsakanin kujerun roba da matan zumuntar coci masu yankan kabeji, ya zagaya bayan gida, gindin mangwaro.

Nan ya tsaya cik.

Motar tana inda ya bar ta, amma fara ce. Fara fat, tana ƙyalli kamar sabon firiji.

Shekaru ya yi yana haɗa ta. A waya ya fara ganin irinta, inda wasu Turawa ke tattara ɓaraguzan tsofaffin motoci su ƙera guda ɗaya, su sauke ta ƙasa har ta kusa jan ciki, su bar inji a tsirara, su bar tsatsa yadda Allah ya yi ta. Shi mai walda ne a Kafanchan, aikinsa get da tagogi, amma tun ranar ya rasa sukuni. Inji ya samo daga wata Fijo da ta mutu a hanyar Kagoro. Lagireto da hancin gaba na tsohuwar tarakta ne daga Gwantu. Kujerun benci ne na taragon jirgin ƙasa da 'yan gwangwan suka sayar masa, salansa kuwa bututun rijiyar burtsatse ne ya lanƙwasa da wuta. Kowane ƙarfe ya zo da launinsa da tabonsa, haka kuma ya bar shi. Yaran unguwa suka sa mata suna Bola. Mutane kan tambaye shi yaushe zai gama ta, ya ce ai ta gamu, su yi dariya su wuce.

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariya ba, mahaifinsa. Ƙofar direba ta tsohuwar a-kori-kurar Baba Samson ce, wadda ya yi rayuwarsa yana dakon citta da ita. Koriya ce da rana ta cinye, da rubutun da tsohon ya yi da hannunsa, haruffan suna gangarowa kamar za su faɗi: S. BAKO DA 'YA'YANSA, CITTA. A bakin tagar akwai wani wuri da gwiwar hannunsa ta goge har ƙarfen ya yi santsi. Da ciwo ya kwantar da shi, yakan sa a fito masa da kujera gindin mangwaro ya yi ta kallon tartsatsin walda. A gaban fasto da dattawa ya faɗa: "Kada wani ya taɓa ƙofan nan. Ranan da na tafi gida, da motan Silva za a kai ni."

Yanzu ƙofar ma fara ce.

Lawal mai fenti yana tsugune yana wanke buroshi a gwangwani. Ya ɗago yana murmushin mai jiran yabo.

"Oga Silva, ka ga aiki? Fentin get ne ya rage, mai kyau, na mai. Sai da na bi ta da sanfefa tukuna, duk tsatsar nan na kankare maka. Wallahi ta ba ni wuya."

Silvanus ya ɗora yatsa a hancin taraktar. Fentin ya yi danƙo, ya fara kamawa. Ƙarƙashinsa babu sauran komai, ya sani, sanfefa ta cinye.

"Wa ya sa ka?"

Murmushin Lawal ya ɗauke. Kafin ya amsa, Jonathan, wan Silvanus, ya fito ta ƙofar baya yana ɗaura agogo. Daga Abuja ya zo, shi ya kawo masu fentin, shi ya kawo kanofi da ɗan kamara.

"Silva, me kake yi a nan har yanzu? Mutane suna jira a asibiti."

"Broda, kai ne ka sa?"

"Ni? Da ta ni ne, da ambulan za mu ɗauka kamar kowa, da jiniya da komai. Na haƙura saboda Baba ya faɗa." Ya dubi motar, ya karkata kai. "Amma ka faɗi gaskiya, ba ta fi kyau ba? Yanzu ko ogana ya gani ba zan ɓoye fuska ba."

"Ka ji abin da Baba ya ce a kan ƙofan nan. Kana wurin."

"Ina wurin. Kada ka ɗaga mini murya yau, ka ji ko? Je ka tambayi wanda ya ba da oda."

Lawal ya miƙe yana goge hannu a wando. "Oga, ƙofar direba ba ni na yi ba. Ka duba ma ka gani, ni ba na aiki haka. Ko sanfefa ba a sa mata ba. Mama ce ta karɓi buroshi ta ce ita za ta yi da kanta."

Silvanus ya matsa ya duba. Gaskiya ne. Fentin ƙofar ya yi kauri, ya yi layi-layi, yana tsiyaya ƙasa kamar kunu a jikin kwarya. Shi ne na ƙarshe da aka shafa, bai ko fara bushewa ba. Ta ƙarƙashinsa, idan ya karkata kai, yana iya hango inuwar harafin S.

Ba a kankare ba. Rubutun yana nan, koren yana nan, wurin gwiwar hannun yana nan. Tsumma da fetur kaɗan, yanzu-yanzu, ƙofar za ta dawo. Idan kuwa ta sha ranar hanyar Kwoi ta bushe, duk abin da zai cire farin sai ya tafi da abin da ke ƙasa.

Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ciro tsumma, ya tsiyaya fetur daga galan.

"Silvanus."

Mama Damaris ce, mahaifiyarsa, a tsaye a bakin ƙofar kicin. Ta riga ta yi shiri, farin leshi na gwauruwa da ɗankwali, Littafi Mai Tsarki a hammata. A gefen farcenta akwai farin da sabulu bai fitar ba. Jonathan ya ja Lawal suka koma gaban gida.

"Mama, me ya sa?"

"Ajiye wannan abu tukuna."

Bai ajiye ba. "Kin ji shi da kunnenki. Ya ce kada a taɓa."

"Na ji. Shekara nawa ina jin shi?" Ta sauko a hankali, tana dafa bango saboda gwiwa. "Ya ce da motan ka za a kai shi. To ga motan ka. Na hana?"

"Ba ita ba ce wannan."

"Injin ya canja? Taya ya canja?"

"Mama, hannunsa ne a wurin nan. Abin da ya rage mini ke nan."

Ta zo ta tsaya kusa da ƙofar, ta dube ta kamar mai duban tsohuwar maƙwabciyar da ba su shiri.

"Kai ka san ƙofan nan daga ciki, kana ƙarami yana ɗora ka a cinya kana juya sitiyari. Ni daga bayan mota na san shi. Aladuna na kai kasuwan Katsit aka sayi a-kori-kuran nan, duka, har da mai ciki. Da ya kawo shi gida ya ɗauki fenti ya rubuta sunansa, ya rubuta ku. Na tsaya a nan ina riƙe masa gwangwani." Ta nuna kujerar gaba da haɓa. "Gaba na dillali ne, na dattijon coci ne, na duk wanda ya ɗaga hannu a hanya in dai namiji ne. Ni ina baya a kan buhu, ruwa ya dake ni, rana ya dake ni, citta yana shiga mini ido. Da cikin ka ma a baya na zauna."

Silvanus bai taɓa jin wannan ba. Ko kuwa ya gani ne bai ɗauke shi komai ba, don yanzu da ta faɗa yana iya tuna ɗankwalinta ta madubin baya, iska tana kaɗa shi.

"Ban ce mugu ne ba," in ji ta. "Mijina ne, na yi masa jinya har ƙarshe, kai shaida ne. Amma yau dukan Kafanchan za su tsaya a bakin hanya. 'Yan'uwana daga Kajuru sun zo. Matan zumunta za su bi mu a baya da waƙa. Ka san me za su ce? Samson ya haifi mai aiki a Abuja, amma a bola aka kwashe shi. Shi ya tafi, ba ya jin dariya kuma. Ni ne zan ji. Ni ne zan shiga coci ran Lahadi."

"Da kin gaya mini."

"Da ka yarda?"

Fetur yana ɗiga daga tsumman a kan takalminsa.

Ya yi ƙoƙarin auna abin a ransa yadda yake auna ƙarfe kafin ya yanka, amma ya ƙi tsayawa. Mamaci ya roƙi abu ɗaya, a gaban shaidu, kuma ba zai iya sake roƙo ba. Idan maganar mutum tana mutuwa tare da shi, me ya sa ake tambayarsa wasiyya? Amma wadda ke gabansa tana numfashi, kuma ita ma ba ta taɓa roƙon komai ba, sai dai yau ta ɗauka da hannunta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba don Baba kaɗai yake son goge fentin ba. Don kansa ne. Ƙofar nan ce kawai shaidar cewa akwai wanda ya taɓa duban aikinsa ya gane abin da yake yi.

"In za ka goge, goge," in ji Mama Damaris. "Ba ni da ƙarfin hana ka. Sai dai ka gaya wa Jonathan ya nemo mini wuri a bas na zumunta."

Daga gaban gida aka fara buga ganga, matan suka ɗauki waƙar rakiya. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, kawunnansa ne daga asibiti.

Ya kai tsumman har kusa da harafin. Warin fetur da na fenti suka haɗu suka hau masa kai. Ya daɗe a haka, hannunsa a sama. Sannan ya juya ya jefa tsumman cikin gwangwanin Lawal.

Ya sa rigar ankon. Ya zura hannu ta taga ya buɗe ƙofar ta ciki don kada ya taɓa fentin, ya zauna, ya murɗa makulli. Injin ya kama da ruri irin nasa, ganyen mangwaro suka girgiza. Wannan dai ba su iya shafe shi ba. Ya zagayo da ita gaban gida a hankali.

Waƙar ta tsaya. Sai guɗa ta tashi.

"Kai! Silva ya gama motan shi!"

"Ashe abin kirki ne yake yi tun da!"

Wani dattijon coci, wanda ya taɓa ce masa ya daina ɓata ƙuruciyarsa a juji, ya kama hannunsa ta taga da hannu biyu. "Ɗana, ka fitar da mu kunya. Babanka zai yi murna." Ɗan kamara ya durƙusa yana ɗauka. Jonathan ya dafa hancin motar don a ɗauke su tare, ya janye hannu da sauri yana duban tafinsa. Wata mata ta tambaya ko zai ba da haya ranar auren 'yarta.

Tun da ya fara ƙera ta, yau ne aka fara yaba masa.

"Na gode," ya ce. "Na gode, Baba."

Matan zumunta suka riƙo Mama Damaris za su kai ta bas. Ta zame hannunta, ta zagayo ɗaya gefen, ta tsaya. Silvanus ya miƙa hannu ya buɗe mata. Ta tattare leshinta, ta zauna a bencin jirgin ƙasa, ta ɗora Littafin a cinya. Ta dubi gilashin gaba, ta dubi titin da ya miƙe a gabanta babu buhu, babu ƙeyar kowa.

"Ashe haka ake ganin hanya," ta ce, ba da shi take ba.

Ya sa giya. Ya saba ɗora gwiwar hannu a bakin taga, sai ya tuna, ya maido hannun kan sitiyari.

"Ja a hankali," in ji ta. "Bai bushe ba, kada ƙura ya ɓata shi."

Ya ja a hankali.