Asabar ɗin da Baba Thaddeus Ya Busa

"Ina kika sa shi?" in ji Baba Thaddeus. Yana tsaye a tsakar gida da singileti, akwatin ƙahonsa a buɗe a kan benci.

"Na sa me?" Mama Prudence ko ɗagowa ba ta yi daga wankinta ba.

"Rosemary, kada ki mai da ni yaro. Bakin ƙahon nan." Shi kaɗai ke kiran ta da ainihin sunanta.

"Je ka tambayi likita. Shi ya ce in ka sake busa abin nan jijiyar kanka za ta fashe. Ni ban shirya zaman takaba ba."

Ina zaune a ƙofar ɗakinmu da littafi a cinya, ina yi kamar karatu nake. Gidan haya ne a Dutse Alhaji, tun da aka haife ni ɗakinsu ke kallon namu. Baba ya daɗe yana busa ƙaho a otal-otal na Jos da Kaduna kafin hawan jini ya kayar da shi bara. Ya tashi, amma leɓensa ya ɗan karkace. Ƙahon irin na turawa ne, kuma ba ya yin ƙara sai an saka masa wani ɗan baki na ƙarfe mai kama da mazurari. Shi Mama ta ɓoye.

A watan nan, kowace Asabar da la'asar, wasu matasa na shirya kiɗan jaz a wani lambu a Wuse, don tunawa da kiɗan baƙar fata na nan da na ƙetaren teku. Wannan Asabar ta tsofaffin makaɗa ce, an gayyaci Baba za a karrama shi.

"Zama kawai zan yi," ya ce.

"To ƙahon na mene ne?"

"A ɗauke ni hoto da shi mana. So kike a ce direba ne aka gayyato?"

Gwiwar Mama ba ta barin ta shiga mota mai nisa, 'yarsu Prudence kuma tana aiki a Lafiya. Sai Mama ta roƙi Ummana in raka shi. Umma ta ce to, amma mu dawo kafin magariba. Da za mu fita, Mama ta riƙe mini wuyan hannu da hannunta mai kumfa.

"Ikilima, kina da ido. In kin ga ya kai wani abu baki, ko cokali ne, ki yi ihu."

Na ce to. Ni da ko a aji sai malami ya ce in ɗaga murya.

A cikin tasi na ga hadari ya haɗu a bayan duwatsu ta wajen Bwari, baƙi ƙirin, yana bin mu a hankali. Baba sai danna gefen kansa yake da babban yatsa.

"Baba, kanka ne?"

"Hular ce ta matse ni, Furofesa. Ke dai duba hanya." Furofesa yake ce mini, don kullum da littafi yake gani na.

Lambun ya cika. Kujerun roba, hayaƙin gasasshen kifi, mata da leshi, samari masu kitso. Wani mai dogon gemu ya yi bayani a lasifika, ya ce kiɗan nan daga ƙasar nan aka tafi da shi cikin sarƙa, ya girma a can, ya dawo gida. Aka fara. Da farko ban gane komai ba, sai na ji kamar kowa nasa yake yi. Baba ya sunkuyo ya ce in saurara da kyau, bi-da-bi suke yi. Wannan ya yi maganarsa, ya miƙa wa wancan.

"In wanda aka miƙa wa bai shigo ba fa?"

"Sai masu ganga su yi ta zagayawa suna jiran sa. Ba a gaggauta mutum a nan. Musamman babba."

Da aka yi hutu, wani saurayi mai busa ƙaho, Justice, ya zo ya durƙusa a gabanmu. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Daddy, abeg, waƙa ɗaya. Ɗaya kawai. Ni saboda kai na fara busa."

Baba ya buɗe akwatin ya nuna masa gurbin da ba komai. "Madam ta yi mini juyin mulki."

Na kusa suka yi dariya. Har na fara sakin numfashi. Sai Justice ya cire bakin nasa ƙahon, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙo da hannu biyu. Makaɗan da ke tsaye suka dubi juna. Mai ganga ya dafe kai.

Baba ya daɗe yana kallon abin. Ya ce mini a hankali, "Mai busa ba ya ba da aron bakinsa, ko ga ɗan'uwansa na jini. Kin ga abin da yaron nan ya yi a gaban mutane? In na ƙi, na zage shi."

"Baba, Mama ta ce..."

"Na ji abin da ta ce."

Na riƙe hannun rigarsa. "Don Allah, Baba. Likita fa."

Ya cire yatsuna ɗaya bayan ɗaya, bai ji mini ciwo ba. "Riƙe mini hular nan."

Suka ajiye masa kujera a kan dandamali. Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro, hasken ya koma wani irin ruwan toka. Busar farko ta tsage, wani ya yi tari. Ta biyu ta fito siririya, ta yi ta hawa, ta buɗe. Ban san yadda ake rubuta sauti ba. Na dai ga mai sayar da kifi ta tsaya da mafici a hannu. Na kuma ga jijiyar wuyansa ta tashi kamar igiya, gumi na gangarowa cikin kunnensa.

Ya gama, aka yi ta tafi. Ya ɗora ƙahon a gwiwa, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, ya bar wa mai fiyano. Mutane suka taso suna liƙi. Wata mata mai jan leshi ta manna masa sabuwar takardar kuɗi a goshi, ta kama gumin ta zauna. Matar ta koma tana rawa.

Kiɗan ya zagayo, aka miƙa wa Baba. Bai ɗago ba. Mai ganga ya dube shi, ya yi murmushi, ya sake zagayawa. Justice ya ɗaga wa jama'a hannu, wai a jira, babba na tunani. Suka sake zagayawa. Mutane suka fara tafi a jere, suna "Ba-ba! Ba-ba!" Wani a bayana ya ce, "Tsohon nan ya iya ja wa mutane rai, wallahi."

Ni takalminsa nake kallo. Ƙafar hagu ta kwanta a gefe, yadda mai rai ba ya ajiye ƙafa. Wani siririn yawu ya sauko a kan ƙahon.

"Ku tsaya!" Muryata ta fita, amma ta shige cikin tafin. Wata ta kusa da ni ta ce, "Yawwa 'yata, kira shi!" Na ture kujera na hau dandamalin, ƙafata ta harɗe da waya, lasifika ta yi wata muguwar ƙara. Sai a lokacin kiɗan ya mutu, ɗaya bayan ɗaya. Mai babbar garaya ne na ƙarshe, don idonsa a rufe yake.

Wata nas daga cikin jama'a ta taɓa wuyansa, ta ce a kawo mota. Justice ne ya ɗauke shi, yana ta cewa da Turancin buroka, "Daddy, Daddy, na me, na Justice," wato ni ne, Justice. Aka bar ni da wata daga masu shirya taron, Anti Turai. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta juya mini baya.

Ita ta kawo ni gida. A bakin layinmu ta tsaya ta ce, "Kada ki ce komai. Fasto da dattawan cocinsu suna hanya. Su ne za su faɗa mata."

Ana kiran magariba na shiga. Mama Prudence na zaune a ƙofar ɗakinsu, tana tsince shinkafa a faranti. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta dubi ƙofar gidan da na bari a buɗe.

"Ya busa?"

Na gyaɗa kai.

Ta mai da ido kan farantin. Yatsunta suka ci gaba da tafiya cikin shinkafar, ba su ɗauki komai ba.

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi, Mama."

Umma ta fito da butar alwala a hannu. Ta kalli fuskata sau ɗaya, ta ajiye butar, ta je ta zauna a ƙasa kusa da Mama, kafaɗa da kafaɗa. Ruwan ya fara sauka, manyan ɗigo, ɗaya nan ɗaya can, yana faɗawa cikin farantin. Ba wadda ta tashi.