Labulen Ɗakin Kaji

Tun da damina ta kankama a Tangail, Hasmot ya sauke labulen leda a kowane gefe na ɗakin kajinsa, ya ɗaure tamau da igiyar rama, wai kada feshi ya taɓa ɓuntun shinkafar da ya shimfiɗa musu. Ɓuntun kuwa tuni kashi ya jiƙa shi. Matarsa Morjina ko ta ƙofar ta gifta sai idonta ya kawo ruwa don wari.

"Baban Tumpa, ka ɗaga ko gefe ɗaya. Wannan tarin naka ba na sanyi ba ne."

"In bar wa iska kajina? Ke dai ji da tukunyarki."

Mutum ne da in ya kafe ko jaki ya san da zamansa. Da hantsi ya ɗauki manjagara ya shiga juya ɓuntun don ya bushe, ya ja ƙofa ya rufe.

Tana gyaran kifi tana sauraron tarinsa. Can sai tarin ya ɗauke. Ta kira shi, babu amsa sai ruwa a kan kwano.

Da ta tura ƙofar, warin da juyin ya tayar ya doke ta kamar an watsa mata barkono. Kaji sun taru a lungu, idanu a rufe, baki a buɗe. Hasmot na durƙushe a can ƙarshe, yana jan numfashi ba ya shiga. Ta san ba za ta iya ɗaukarsa ba. Ta zagaya da gudu da wuƙar kifin a hannu, ta tsarge ledar daga sama har ƙasa, ta tsarge ta gaba. Iska da ruwa suka shigo tare.

Ta koma ciki ta janyo shi bakin ragar wayar da ledar ta rufe, ta tallafe kansa har ƙirjinsa ya fara amsawa.

"Kin jiƙa min kaji," ya ce da ƙyar.

"Su jiƙe. Warin nan ya kusa kashe ka."

Ya dube ta, ya shaƙa a hankali.

"Wane wari?"

Ba gardama yake yi ba, tambaya yake. Sai a lokacin ta tuna rabon da ya shigo gida ya ce girkinta na ƙamshi, ita kuwa duk shekarun nan tana zaton ya gaji da ita ne.