Wutar da Ta Biyo Tiyo

Tun kafin ta hau keke-napep a Samaru Rhoda ta cire zoben, ta ƙulle shi a bakin hankici. Zoben tagulla ne, Martins ya ƙera shi da hannunsa a shagonsa na walda, kuma duk inda ya zauna a yatsa sai ya bar kore. Har suka wuce Palladan tana murzar koren nan da yawu, ya ƙi fita.

Maganar da za ta faɗa masa ta haddace ta kamar Zabura. Babu wani namiji. Bai yi mata laifin komai ba. Son ne kawai ya ƙare, kamar yadda gas ke ƙarewa ana tsakiyar aiki, babu sallama. Tun jiya kiransa ke shigowa tana kife wayar, don ta san in ta ji muryarsa za ta sake ɗaga maganar zuwa wata Lahadin.

Shagon na bakin titi a Sabon Gari, gidansu na bayansa. Ta tarar da shi a rufe, wanda ba abin mamaki ba ne ran Lahadi. Sai dai kwanon rufin ya yi baƙi ƙirin ya ɗage ta gefe guda, ga warin ƙonanniyar roba har maƙogwaro.

Oluoma, yayar Martins, tana tsakar gida tana fifita garwashi. Ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

"A'a, amarya ce da kanta! Ashe kina gari? Na ce ko wayar taki ta faɗa cikin yumɓu ne."

"Anti, me ya sami shagon?"

"Shagon kike tambaya? Ni ce nake kiranki da wayarsa tun jiya, tun muna asibiti." Ta jefar da maficin. "Wuta ce ta biyo tiyo. Filashbak, in ji 'yan walda."

Rhoda ta san kalmar, a bakin Martins ma ta san ta. A farkon damina ne ya zo bayan ɗakinta ya haɗa mata murhun gasa tukwane da kofunan da take ƙerawa tana sayarwa. Da ya gama jona tiyo da silindar gas, sai ya zaro wani ɗan ƙarfe na tagulla, bai fi babban yatsa ba, ya ɗaura a tsakani.

"Kin ga wannan, Malama? Wuta 'yar taurin kai ce. Wata rana maimakon ta fita ta baki, sai ta juya ta bi tiyo ta koma inda ta fito. Bature ya ce filashbak. Wannan ɗan ƙarfen shi ne maigadi, nan yake tare ta."

Ta yi dariya ta ce ita a fim ta san kalmar, inda ake komawa baya a nuna abin da ya wuce.

"Na fim ai ba ya cin gira," in ji shi. Da ta tambaye shi inda ya samo, cewa ya yi, "Ke dai gasa tukwanenki."

Muryar Oluoma ce ta dawo da ita. "Ɗan ƙarfen nan mai tare wuta guda ɗaya gare shi, kin ji ko? Na jikin silindarsa ya kwance ya kai miki. Na ce sayi wani, ya ce na kasuwar nan jabu ne, sai ya je Kano. Yau Kano, gobe Kano. To ga Kano nan a ɗaki, shiga ki gani."

Ƙafafunta ne suka kai ta, ba ita ta kai su ba. Martins na kwance rigingine a kan katifa, an naɗe masa fuska da bandeji tun daga goshi har karan hanci, hannun dama ma a naɗe har gwiwa. Bakinsa kawai ake gani, leɓɓan sun tsattsage. Wannan bakin da ke rera waƙoƙin coci da Hausa har ya fi 'yan gari iyawa, da ke kiranta Malama ko da tana cikin taɓo har wuya.

"Turaren Samaru nake ji," ya ce. "Yumɓu da sabulu. Matso mana, likita ya ce ba a ɗauka."

Ta durƙusa a gefen katifar. "Idanun fa?"

"Na hagun likitoci suna sa rai a kansa. Na daman sai abin da Allah ya yi." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta maƙale. "Kada ki saurari Oluoma. Laifina ne, ni na yi sakaci. Murhun naki lafiya dai?"

"Lafiya."

"To alhamdulillahi, maigadi na aiki."

Ya miƙo hannun hagu yana lalube, ta ba shi nata kafin ta tuna. Babban yatsansa ya bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba, har ya iso inda zoben yake zama. Nan ya tsaya. Ya sake shafa wurin.

"Ina zoben?"

"Na cire ne saboda yumɓu."

Daga cocin da ke bayan layi ana jin 'yan kwaya suna maimaita baiti guda.

"Ba kya taɓa yumɓu ran Lahadi, Rhoda." Rabon da ya kira sunanta haka tsirara har ta manta. "Kuma ba ki ɗauki waya ba, ba ki san na ƙone ba. Ke nan da maganarki kika zo. Faɗe ta. Kunnuwan ba su ƙone ba."

Ga ƙofa ya buɗe mata da kansa. Maganar na nan a kan harshenta, a jere, yadda ta haddace ta. Jiya in ta faɗa, mace ce ta daina son namiji, abin da ke faruwa kullum. Yau in ta faɗa, ita ce wadda ta karɓi idon mutum ta gasa kofuna da shi, sannan ta ajiye masa zobensa a kan bandeji. Ta ji haushinsa ya taso mata har wuya: wa ya roƙe shi? Wa ya ce ya so ta har haka, a ɓoye, ba shawara? Sai kunyar haushin ta biyo baya ta danne shi.

Da hannu ɗaya da haƙori ta kwance ƙullin hankicin. Ta zura zoben a kan korensa.

"Duba ka na zo yi," ta ce.

Yatsansa ya koma ya sami tagullar. Ya daɗe yana juya ta. Ya san ƙarya ce, ita ma ta san ya sani. Ta jira ya saki hannun, har addu'a ta yi a ranta ya saki.

Bai saki ba. Ƙara damƙe shi ya yi.

Oluoma ta leƙo da kwanon farfesu, ta dubi hannuwan biyu, ta taɓe baki.

"Tunda kin zo, amarya, karɓi. Ba ya iya riƙe cokali."