Taron da Hajiya Saude Ba Ta Zo Ba

Maman Sophia ce ta ce in shiga kawai, maigidan ya gama shiri. Ina ɗaga labulen falon na tarar da shi durƙushe a gaban kujera, ya haɗa hannuwa a goshi. Na so in koma, amma na ji tsoron motsina zai katse shi, sai na tsaya a inda nake.

"Ya Uba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "yau taro ne tun safe har yamma. Ka ba ni salama a zuciya. Ka riƙe mini harshen nan, ni dai ya fi ƙarfina. Jiya na wulaƙanta baiwarka Saude a gaban mutane. Ka ba ni ƙarfin duban idonta. A cikin sunan Yesu."

Malam Barnabas maƙwabcina ne a Kazaure, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma shi ne shugabana a sashen lafiya. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a nan, 'ya'yansa ma Hausar garin suke yi. Tun da motarsa ta lalace ni nake ɗaukarsa a babur. Kowa ya san shi da riƙon aiki, kowa kuma ya san shi da zafin rai.

Abin da ya faru jiyan shi ne, ana shirin rigakafin yara, ma'aikata sun taru daga Roni da Gwiwa da Babura. Hajiya Saude, dattijuwar da ke kula da wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Gwiwa, ta tashi ta ce maganin da aka ba ta ya lalace, firijinsu ya mutu. Bai bari ta ƙarasa ba. Ya buga tebur ya ce idan tsufa ya hana ta aiki, ta koma gida ta yi renon jikoki. Matar ta girme shi. Ta gyara mayafinta ta fita.

Da ya shafa fuska ya miƙe, sai muka haɗa ido. Na sunkuyar da kai na ce yanzu na shigo. Ya ɗan yi murmushin da ya nuna bai yarda ba, ya shiga neman hularsa alhali tana kansa.

A ƙofar gida matarsa ta biyo mu, ta ce mini tun jiya yake dafe ƙirji, in taimake ta in biya da shi asibiti. Ya ce zai je bayan taro. A hanya, da muka wuce kasuwa, sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Rilwanu, a gaban mutane na ci mutuncin Hajiya Saude, a gabansu zan ba ta haƙuri."

Muka shiga ɗakin taro, kujerarta babu kowa. Duk sanda aka turo ƙofa sai ya ɗaga kai, ya ga wani ne, ya mayar da idonsa kan tebur. Wani ma'aikaci daga Babura mai suna Jalaluddeen ya yi ta jefa masa maganganu, har ya tambaya ko yau ma akwai wanda za a tura renon jikoki. Aka yi 'yar dariya. Na ga jijiyar wuyan Malam Barnabas ta tashi, ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce a ci gaba da bayani. Haka ya wuni. Da muka fita sallar azahar muka dawo, yana nan zaune shi kaɗai, bai taɓa abincinsa ba.

Da za a tashi na raɗa masa cewa ya faɗi abin da ke ransa, mutanen Gwiwa za su kai mata. Ya girgiza kai. "Ba kujera na zaga ba," ya ce. "Ranar Asabar ka kai ni gidanta."

Bai kai Asabar ɗin ba. Da yammar nan muna isa gida ya zauna a dakalin ƙofarsa, ya ce a ba shi ruwa. Kafin 'yarsa Sophia ta fito da kofi ya zame gefe. Muka sa shi a motar wani maƙwabci, amma muna isa asibiti likita ya duba shi ya ce rai ya yi halinsa.

Washegari gidan ya cika. Mutanen cocinsu suna ciki suna waƙa a hankali, mu 'yan unguwa muna waje a kan tabarmi muna karɓar masu ta'aziyya. Da hantsi sai ga Hajiya Saude ta sauka daga kan acaba. Ba ta shiga ba, ta yafito ni gefen katanga. Ta ce ranar taron tana cikin Kazaure, a gidan ƙanwarta ta wuni. Da gangan ta ƙi zuwa, don ya ji a jikinsa.

Maganar da na ji a falonsa ba ni aka yi wa ba, tsakaninsa ne da Ubangijinsa, kuma na nuna masa kamar ban ji ba. Duk da haka na faɗa mata, ina kallon ƙasa, tun daga farko har ƙarshe.

"Da sunana ya faɗa?" ta tambaya.

Na ce da sunanta.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce ta yafe masa duniya da lahira, amma ita ba ta san da wane ido za ta dubi matarsa ba. Na raka ta har tsakar gida. Maman Sophia tana zaune a ƙasa, an ajiye faifan shinkafar da za a dafa wa baƙi a kusa da ita, ba wanda ya taɓa. Hajiya Saude ta durƙusa ta yi gaisuwa, muryarta ba ta fita sosai. Ta zauna a gefenta, ta jawo faifan kan cinyarta, ta fara tsince tsakuwa.