Bidiyon Da Ya Ƙi Goguwa

Mai sayen kwamfutar yana zaune a falo, ni kuma ina ɗaki da ita a kan cinya. Ta Yaya ce, babbarmu. Ta ce in goge komai kafin a miƙa masa, na kuwa goge. Saura bidiyo guda, wanda mijinta ya ɗauka lokacin da take kwance asibiti, gashinta duk ya zube, ko magana da ƙyar take yi. Mama ma ba ta taɓa ganinsa ba.

Na danna gogewa, sai wani ɗan rubutu ya fito da Turanci. Na sake, ya sake fitowa. Karatuna bai kai nan ba.

"Auta, ka gama?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Ɗaya ya ƙi fita."

Ta leƙo, ta ga wanne ne, ta dafe ƙirji. Muka kashe kwamfutar muka kunna, yana nan daram.

"Jama'a, na bar shago ba kowa fa!" mutumin ya ɗaga murya.

Yaya ta riƙo hannuna. "Wallahi gara in tsoma ta a ruwa da wani ya ga wannan."

Duk gidan babu wanda ya san kan kwamfuta sai baƙon, don gyaranta ne sana'arsa. Na rungume ta na fita.

"Maigida, wani abu ne ya ƙi goguwa."

"Kawo in gani." Ya miƙo hannu.

Na ja baya. "Ba na gani ba ne."

Ya dube ni, ya dubi labulen da Yaya ke tsaye a bayansa. Sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

"To karanto min rubutun da ke fitowa, ko da harafi-harafi ne."

Na karanto, ina tuntuɓe.

"Malam, wannan Turancin naka sai likita," ya ce. "Amma na gane. Wata manhaja ce ke riƙe da shi a ɓoye. Sai an rufe ta zai saki."

Ya shiga faɗa min abin da zan danna. Na yi kuskure, bidiyon ya buɗe. Muryar Yaya ta fito, siririya, tana roƙon ruwa.

Nan take mutumin ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya kama waƙa da wata murya mai kama da ta tsohon janareta. Na lalubo na rufe. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya yi shiru.

Muka ci gaba a hankali. Na samo manhajar, na rufe ta, na danna gogewa. Bidiyon ya fita.

"Shiga kwandon shara ma ka zubar," ya ce. Na zubar.

"In juyo?"

"Juyo, bawan Allah," in ji Yaya daga bayan labule. "Auta, miƙa masa."