Sabara ko Magarya

Nu'uman tela ne a Haɗeja, amma da gardama sana'a ce, da tuni ya jingine keken ɗinki. Tun da ya gani a waya yadda ake rainon bishiya a cikin tasa, ta tsufa tukuf ba ta wuce kamu biyu ba, ya addabi kowa da zancen. Bonsai, in ji shi. Ambaliya na ja da baya ya tasa taubashinsa Fannami, masunci a Guri, a gaba, sai da ya kai shi wani tudu can tsakiyar fadama a kwalekwale, suna kutsawa ta cikin ciyawar kachala.

A nan ya ga abin da yake nema: wani guntun itace mai kauri, a murɗe, awaki sun sha gwaguyarsa, ruwa kuma ya kakkaɓe ganyensa tas.

"Sabara ce," in ji Nu'uman.

"Magarya dai," Fannami ya ce. "Kai me ka sani ban da zare da allura?"

"Wallahi sabara ce. In ba ita ba ce, ka canza mini suna."

Nu'uman ya haƙe ƙasar kewaye da gindin. Don kada ya datse saiwa, sai ya ajiye fartanya ya zura hannu can ƙarƙashi yana lalube. Wani abu ya soke shi. Ya fizgo hannun, sai ga ɗigon jini biyu a gefen tafinsa, kusa da juna.

Fannami ya tuntsire da dariya. "Ban faɗa maka ba? Ƙayar magarya biyu-biyu take fitowa."

Nu'uman bai yi dariya ba. Sabara ba ta da ƙaya, wannan ko yaro ya sani. Ya kuma san ambaliya kan koro maciji tudu ya laɓe a gindin itace. Ya dubi ramin, duhu ne kawai a ciki. Ya dubi ruwan da suka ratso, ya tuna nisan asibiti. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Haka ne," ya ce a hankali. "Magarya ce. Kai ka fi ni sani."

Wannan maganar ce ta tsayar da dariyar Fannami. Tun suna yara bai taɓa jin Nu'uman ya sallama wa kowa ba. Ya durƙusa nesa da ramin, ya miƙa hannu yana shafa rassan ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa da ƙarfi ko wani abu zai soke shi. Nu'uman na kallonsa yana salati a zuci, zogin kuwa ya wuce wuyan hannu yana hawa kamar an ɗora garwashi.

"Duba ta baya," ya roƙe shi. "Don Allah, duba da kyau."

Fannami ya zagaya. A bayan kututturen ya tarar da wani ɗan toho da awaki ba su gani ba, ganyensa fari-fari mai laushi. Ya tsinke shi, ya murza, ya shinshina. Sai ya miƙe tsaye.

"Tashi mu tafi, ɗan'uwa," ya ce. "Kada ka yi gudu. Kai ka yi gaskiya."