Ruwan Jegon Balkisa

Shekarar da gulbi ya ƙafe har mutane na tsallaka shi da ƙafa, ita ce shekarar da ɗiyata Balkisa ta zo gida haihuwar fari. Muna unguwar Zango lokacin, ɗaki biyu cikin gidan haya, ni da maigidana Malam Isaka da sauran yara. Sana'ata fura. Tun ina budurwa nake daka, nake kirɓi, nake mulmula, kuma da furar nan na yi wa Balkisa kayan ɗaki.

Hannuna na dama ya fara ne tun kafin yunwar da aka yi a shekarar. In tashi da asuba in ji yatsuna kamar an zuba musu kiyashi, in yarfa, in yarfa, su dawo. Da hatsi ya ɓace muka koma jar dawar taimako da sojoji ke rabawa, sai abin ya ƙaru, don dawar nan tauri gare ta, sai an yi mata daka biyu. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi suka daina dawowa. Ludayi ya riƙa suɓuce mini. Zare ya ƙi shiga allura. Tasbaha ma sai na bi ta da ido, don ba na jin ƙwaya ta wuce ko ba ta wuce ba.

Ban gaya wa kowa ba. Mutane sun taho daga Tawa ko akuya ba su da ita, suna kwance a bakin gari, ni kuma in tashi in ce yatsa? Wannan shi ne dalilin da nake ba kaina. Dalilin gaskiya kuwa Gwaggo Jummai ce.

Gwaggo Jummai ƙanwar uban Haruna ce, mijin Balkisa, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami. Tana unguwar Mawre, gidanta da pompo a tsakar gida. Tun cikin na wata shida ta zo ta same ni.

"Delu, ku da kuke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ina ku ina wankan kwana arba'in? Ki bar mini ita."

"Uwata ta yi mini, Yaya Jummai, ni zan yi wa tawa."

"Icce fa? Kin san kuɗin icce bana?"

"Na sani, ni nake saye."

Wata uku ina tara icce bayan ɗaki, ɗauri ɗaya yau, rabi gobe. Na san in ta ji labarin hannuna, shi ke nan ta samu hanya. Sai na rufe bakina.

Balkisa ta sauka lafiya a matarnite, asibitin haihuwa, ɗiya mace. Kashegari muka dawo gida na ɗora tukunya. Wankan jego ba wani abin ɓoye ba ne: a tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, a juye a babban baho, a sirka da na sanyi kaɗan, a tsoma damin ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego, safe da yamma. Ruwan dole ya yi zafi, amma akwai iyaka, kuma ba abin da ke nuna iyakar nan sai hannun mai wanka. Na sirka, na tsoma yatsu, na ji daidai.

Fyaɗa ɗaya na yi ta gantsare.

"Inna, da zafi."

"Da ruwan randa ake wankan jego? Zauna."

"Inna, wallahi ya yi yawa."

Na sake tsoma yatsu. Ɗumi kawai na ji.

"Ku 'yan lakwal, kun yi boko, jikinku kamar ƙosai. Haihuwa bakwai na yi, ko uhum ba wanda ya ji na ce. In kika bar sanyi ya shige ki, nan da shekara goma ni za ki zo kina yi wa kuka. Ki yi mini shiru, maƙwabta na ji."

Ta cusa bakin zanenta a baki ta yi shiru. Makewayinmu ba haske, ga ganye na mannewa a jiki, kuma tana fitowa take jan riga ta rufe. Kwana uku muna haka, wanka shida. Na ga ba ta kwanciya da baya, na ce ai nono ne ya cika. Na ga ba ta shan kunun kanwa sosai, na yi mata faɗa a kan wannan ma.

Jaririyar kuwa wata tsohuwar unguwarmu ce ke yi mata wanka, amma ran kwana na huɗu aka yi mata rasuwa ta tafi. Na ce ba komai, ni ma na wanke bakwai. Na ɗebi ruwa a ƙaramar tasa, na sirka fiye da na uwar, na taɓa, na ji lafiya lau. Na ɗora jaririyar a cinyata, na yi bisimilla, na ɗauki sabulu. Sabulun ya suɓuce ya faɗa cikin tasar. Na zura hannu duka in ɗauko shi.

Ƙaramin yatsana ne ya gaya mini, shi da wuyan hannu. Sai da na fizge hannun. Wannan ruwan da na sirka wa jaririya, ko babba ba zai so shi ba. To na uwar fa?

Na aje yarinyar kan gado, na kira Balkisa bakin ƙofa inda haske yake.

"Ɗaga rigarki."

"Inna, ba komai."

"Ɗaga na ce."

Rigar ta manne, sai da na jiƙa ta. Daga kafaɗa har ƙugu bororo ne, wasu sun fashe, wasu sun cika da ruwa.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa, Inna."

Ba da fushi ta ce ba. Da ta yi fushi da ya fi mini.

Ban gama tunanin abin yi ba sai ga sallamar Gwaggo Jummai, ta kawo goro da atamfar suna. Matar nan ido gare ta. Ta ga yadda Balkisa ke zaune a bakin gado kamar an kafa ta, ta zagaya ta ɗaga rigar da kanta. Ta yi salati ta dube ni. Kafin in buɗe baki Balkisa ta riga ni.

"Gwaggo, ni ce. Inna ta sirka ta fita ɗauko sabulu, ni kuma na ƙara na tukunya. Na ji ana cewa mai zafi sosai ya fi gyara jiki."

"Ke da wa? Uwarki ta haihu bakwai, ke da haihuwar jiya za ki gyara mata ruwa? Dubi yadda kika mai da kanki kamar kazar da za a fige. In Haruna ya dawo daga Gaya me zan ce masa?"

Ina tsaye riƙe da ƙofa. Ban ce komai ba.

Muka ɗauki taksi zuwa dispansar. Anfirme, malamar asibitin, ta wanke, ta shafa magani, ta ce kada ruwan zafi ya ƙara taɓa bayan nan sai ya warke. Ita ma ta ɗora nata faɗan, wai yarinya ta yi karatu amma ba hankali. Balkisa ta sunkuyar da kai tana cewa to. Can ma ban ce komai ba. A ƙofar gida Gwaggo Jummai ta dafa ni.

"Ki yi haƙuri, Delu, yaran yanzu ke nan. Ki sa mata ido."

Ni ake ba haƙuri.

Na yi la'asar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Na zauna kan tabarma ina kallon hannun. Ƙarya ce ba ni na yi ba, amma ni nake cin amfaninta, kuma na san Wanda ya gan ni a makewayi ya gan ni a bakin ƙofa. In na yi shiru, ɗiyata na gidana har arba'in, iccena bai tafi banza ba. Sai dai gobe akwai wankan jaririya, jibi ma akwai. Ko na koyi gwada ruwa da ƙaramin yatsa, hannun da ya saki sabulu me zai hana ya saki abin da ya fi sabulu?

Da safe Gwaggo Jummai ta dawo duba jiki. Na bari ta zauna, ta sha ruwa, sannan na miƙa mata hannuna na dama.

"Yaya Jummai, mintsine ni nan."

"Wasa muke?"

"Mintsina dai. Da farce."

Ta mintsini kan yatsan, ta ƙara ƙarfi tana kallon fuskata. Ta juya tafin, ta ga gindin babban yatsa ya lotsa kamar an kwashe naman.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Bana ya fi. Balkisa ba ta taɓa tukunya ba, ni na sirka. Ta ce da zafi, na ce ta yi mini shiru."

"Inna," in ji Balkisa daga ɗaki.

"Ke kuma yi shiru." Sai da maganar ta fita bakina na ji abin da na ce.

Gwaggo Jummai ta daɗe ba ta saki hannun ba.

"Kin sani, kuma kika karɓi jariri."

"Na karɓa."

"Ran da na zo nan ina maganar pompo, da kin ce mini hannu, da ni zan riƙa zuwa in yi miki a nan gidan. Ai ba sace ta na zo yi ba." Ta gyara lulluɓinta. "Bayan suna zan tafi da su."

"Tafi da su."

Malam Isaka da ya ji bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in shirya mu je babban asibiti wurin lokotoro. Lokotoron ya ƙwanƙwasa mini wuyan hannu, abin ya tsarga har yatsu. Ya ce jijiya ce ta matse, in bar daka, in riƙa ɗaure hannun in zan kwanta. Na ce ɗauri zan yi, daka kuwa sai ya gaya mini wanda zai ci da gidan. Har yau ina daka, kaɗan-kaɗan, kuma na hagun ma ya bi sahu.

Kashegarin suna aka zo da mota aka kwashe su. Iccen nan na wata uku, a kai na yi ta ɗaukarsa zuwa Mawre, ɗauri ɗaya kowace safiya bayan salla, tunda kaina dai lafiyarsa lau. Gwaggo Jummai ba ta taɓa cewa in daina ba. Takan shimfiɗa mini tabarma kusa da makewayi, ta aza mini jaririyar a cinya, ta tokare ta da matashi ta kowane gefe. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Da bayan ya warke aka koma wanka sosai. Ran farko ina zaune ina jin su ta bayan katanga. Na ji fyaɗar ganye, na ji muryar Balkisa ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji.

"Gwaggo, da ɗan zafi."

"To, tsaya."

Sai na ji an ɗebo ruwa a randa an zuba. Moɗa ɗaya.